Tamari, soya sos ɗin Japan: da gaske babu alkama a cikinsa?

Maman Walid:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya san wani soya sos na Japan da ake ce wa tamari? An gwada yarona a asibiti a nan Ingila, an ce cutar siliyak gare shi, ba shi ba alkama har abada. Burodi da taliya da cincin da fanke duk mun yi sallama da su. Abin da ya ɗaure min kai shi ne da aka ce har soya sos ɗin da nake zubawa a soyayyar shinkafa da alkama ake yin sa, ni kuwa duk zatona waken suya ne zalla. Mai ba mu shawara kan abinci ta ce in koma tamari. Na gan shi a kanti, 'yar ƙaramar kwalba, amma kuɗinta ya fi na babbar da na saba saye. Kafin in zuba kuɗina ina so in ji daga bakin wanda ya yi girki da shi.

Anti Kuku:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki juriya. Gaskiya suka faɗa miki, soya sos na gama-gari kusan rabinsa alkama ce. Ki sayi tamarin, ina aiki da shi a wurin sana'ata nan Abuja idan aka ba ni aikin abincin masu gudun fulawa. Amma ki juya kwalbar ki karanta bayanta tukuna. Na sha ganin wanda aka rubuta tamari ɓaro-ɓaro a gaba, a baya kuma ga alkama zaune cikin kayan haɗi.

Maman Walid:
Ikon Allah. To Anti, in da alkama a ciki me ya sa suke sayar da shi da wannan sunan? Ai wannan cuta ce.

Ɗan Nagoya:
Maman Walid, sannu da jinya, Allah ya ƙara afuwa. Bari in sa baki tunda a yankin da ake yin abin nake karatu.

Ba cuta suka yi ba, mu ne muka ɗora wa abin nauyin da ba don shi aka yi shi ba. A ƙa'idar kayan abinci ta Japan, soya sos gida biyar ne. Akwai koikuchi, shi ne wanda duniya ta sani, ya kai kashi 80 cikin 100 na duk wanda ake yi a ƙasar, kuma wake da alkama kusan kai ɗaya ake zuba masa. Akwai usukuchi na wajen Kyoto da Osaka, wanda launinsa bai yi duhu ba amma ya fi gishiri. Akwai saishikomi da ake tsimawa sau biyu. Akwai shiro, fari-fari, na garin Hekinan nan kusa da mu, shi kam kusan alkama ce tsantsa da ɗan wake kaɗan. Sai tamari, wanda bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma jihohi uku ne gidansa: Aichi da Gifu da Mie.

Abin da ƙa'idar ta ce game da tamari shi ne a yi shi da wake zalla, ko wake da ɗan hatsi kaɗan. Kin ga kenan wanda ya zuba alkama kashi ɗaya cikin goma bai karya doka ba, tamari ya yi. Mutanen nan ba don gudun alkama suka ƙirƙiro shi ba. Cutar siliyak ba ta da yawa a Japan ko kaɗan, da yawansu ba su ma taɓa jin sunanta ba. Asalin tamari ruwan da ke taruwa ne a kan miso, wato kwaɓaɓɓen wake mai gishiri da suke tsimawa su yi miya da shi, kuma misonsu na wannan yanki na wake ne zalla, ba kamar na sauran wurare da ake haɗawa da shinkafa ko sha'ir ba. Abin dariyar ma, manyan abincin da ake ci da tamari a nan taliyar alkama ce: kishimen ta Nagoya mai faɗi, da udon na garin Ise da ake kwarara wa baƙin romo har sai ka rantse gishiri zai kashe ka, ka ɗanɗana ka ji shi da sauƙi.

Kasuwar Amurka da Turai ce ta mayar da shi abincin masu gudun alkama. Kamfanin San-J misali, asalinsa na garin Kuwana ne a Mie tun 1804, ya je ya kafa masana'anta a jihar Virginia a 1987, can ya samu kasuwa. Saboda haka ke da kike Ingila kin fi ni sauƙin samun wanda aka tantance.

Hajiya Inna:
Ni fa 'ya'yan nan kuna ba ni mamaki. Wake ne aka dafa aka rufe ya ruɓe, ko ba haka ba? To me ya raba shi da daddawa? Tun kakanninmu muke jefa daddawa a miya ba mu taɓa jin an ce da alkama a ciki ba. Ke Maman Walid ki sa a aiko miki da ta kalwa mai kyau, ki daka da citta da masoro, ki huta da kwalbar Japan.

Anti Kuku:
Ranki ya daɗe Hajiya, a miyar kuka da kuɓewa da taushe babu mai ja da ke, duk wanda ya zuba soya sos a kuka ya ɓata tukunya. Amma ki jefa daddawa a soyayyar shinkafa ki miƙa wa yaron da ya tashi a Ingila, sai ki ba mu labari.

Hajiya Inna:
Ai laifin iyayen ne da ba su saba musu ba.

Ɗan Nagoya:
Hajiya, maganarki tana kan hanya ta wani gefen. Daɗin da daddawa ke sa wa miya da wanda tamari ke sa wa nama tushensu ɗaya, sinadarin gulutamet ne da ke fita idan furotin ɗin wake ya narke. Wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano a 1908 cewa wannan sinadarin ne ke kawo daɗin, kuma daga nan farin magi ya samo asali. Amma hanyar ta bambanta. Daddawa ƙwayar bakteriya ce ke aikinta, cikin 'yan kwanaki, ba gishiri, shi ya sa take wannan bugun hanci. 'Yar uwarta ta gaskiya a Japan ita ce natto, wake mai yauƙi da suke ci da safe, ƙwayar da ke yin su ma iri ɗaya ce. Ranar da aka fara buɗe natto a gabana gida kawai na tuna.

Tamari kuwa da funfuna ake farawa, wata mai suna koji da suke renonta da gangan. Na shiga wani tsohon gidan yin sa a garin Taketoyo, kudu da Nagoya. Ana turara wake har ya yi laushi, a dunƙule shi curi-curi, a barbaɗa masa ƙwayar, a bar shi a ɗaki mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ya yi gashi. Sai a zuba shi a gangar katako da ta fi mutum tsayi, a zuba ruwan gishiri kaɗan, a mafi tsadarsa rabin yawan waken kawai. Saboda kaurinsa ba ya motsuwa da muciya kamar na koikuchi. Sai su jera duwatsun rafi a kai su danne shi, su kafa wani bututu a tsakiya. Ruwan da ya taru a bututun shi ma'aikaci zai riƙa kamfata da doguwar moɗa yana kwararawa a kan duwatsun, ya sake tsiyayewa ƙasa, haka za a yi ta yi shekara biyu zuwa uku. Duwatsun duk sun yi baƙi suna ƙyalli, ɗakin duhu, ƙamshin kamar an ƙona sukari a kan nama. Wanda aka buɗe ƙasan ganga ya ɗigo da kansa ba a matse ba, shi ne na sarauta, cokali ɗaya sai ka ga yana bin jikin faranti a hankali.

Yawancin wanda ke kantin Ingila ba wannan ba ne, na tankin ƙarfe ne da ake gamawa cikin watanni, amma dai tsimammen gaske ne.

Injiniya Mai Musu:
Ku yi haƙuri in kawo cikas. Ni na karanta cewa tsimuwar da ake yi wa soya sos na wata da watanni tana narkar da gulutin, wato sinadarin alkamar da ke tayar da siliyak, gaba ɗaya, har in an kai shi ɗakin gwaji ba a ganin komai. In haka ne, wannan tamarin dabarar 'yan kasuwa ce kawai ta cin kuɗin mutane. Ta ci gaba da wanda ta saba.

Likitar Yara:
Injiniya, don Allah kar ka ba uwar mai siliyak wannan shawarar. Rabin maganarka gaskiya ne, kuma rabin ne ke da haɗari. E, tsimuwa tana farfasa gulutin, kuma sau da yawa gwaji ba ya kama shi a soya sos. Matsalar ita ce gwajin da aka saba yi an gina shi ne don ya gane gulutin cikakke. Idan ya farfashe gutsi-gutsi, na'ura na iya cewa babu, alhali ba wanda zai rantse maka cewa gutsattsarin ba za su tayar da hanjin mai cutar ba. Saboda wannan ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da doka a 2020 cewa duk abincin da aka tsima, ba za a rubuta masa babu gulutin ba sai kamfani ya nuna cewa kayan haɗin ba su da shi tun kafin a tsima su. Iyakar da aka amince da ita a duniya miligiram 20 ce ta gulutin a kowane kilo na abinci.

Kuma siliyak ba irin kumburin cikin da mutum zai ce bari in ɗan taɓa in gani ba ne. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta cinye 'yan tsirarun gashin da ke cikin ƙaramin hanji masu tsotse abinci. Yaro na iya ci bai yi zawo ba, bai yi kuka ba, amma ciki ana ɓarna, sai a ga jini ya ƙi taruwa, tsayi ya tsaya.

Injiniya Mai Musu:
Na ji Likita. Amma dai ki yarda cewa mutane da yawa da ke sayen abin nan lafiyarsu ƙalau, yayi kawai suke bi.

Likitar Yara:
Wannan kam na yarda. Wanda ba shi da siliyak ko rashin jituwa da alkama, tamari bai fi masa soya sos na gama-gari lafiya da komai ba, sai dai in ɗanɗanon yake so. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa ciwon Turawa ne. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne a duniya, kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a Afirka ne: binciken da aka buga a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu kashi 5.6 cikin 100. Mu a gida gwajin ne ba mu cika yi ba, ga shi cin burodi da taliya da indomi sai ƙaruwa yake. Wanda yake zargin ɗansa na da ita kar ya yanke masa alkama kafin a ɗibi jini, in an daina ci gwajin na iya fitowa babu komai.

Maman Walid, tamari ƙaramin abu ne cikin aikin da ke gabanki. Ranar da kuka zo hutu gida ki sa ido kan ɗanwake, yanzu yawanci da fulawa ake kwaɓa shi. Wasu masu masa suna ƙara fulawa a ƙullu. Semo alkama ce, haka alkubus da funkaso da gurasa da alkaki. Injin niƙa da ya gama niƙa alkama aka zuba masa masararki shi ma matsala ne. Wasu dunƙulen ɗanɗano akwai garin alkama a ciki, sai kin karanta. Tuwon shinkafa, dawa, gero, masara, acca, doya, rogo, duk nasa ne.

Maman Walid:
Likita Allah ya saka da alheri, wallahi ban taɓa kawo ɗanwake a raina ba. To a jikin kwalbar me zan duba takamaimai?

Anti Kuku:
A Ingila da Turai doka ta tilasta a rubuta alkama yadda za ta fita daban cikin jerin kayan haɗi, yawanci da baƙin rubutu mai kauri, ba za ta ɓuya miki ba. Ki nemi wanda aka rubuta gluten free, wato babu gulutin, ko mai hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi. Kayan haɗin na kirki gajeru ne: ruwa, wake, gishiri, wani lokaci da ƙarin abu ɗaya. In kika ga jeri ya yi tsawo, ga kalar karamel, ga furotin da aka narkar da asid, ki ajiye. Wannan ba tsimamme ba ne, cikin kwana biyu ake harhaɗa shi, kuma shi ne ya cika kasuwanninmu a manyan robobi.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar kayanmu yawanci da Faransanci suke zuwa. A duba kalmar blé, ita ce alkama, wanda babu kuma za a ga sans gluten. Amma sai dai Yamai, ban taɓa cin karo da shi a Maraɗi ba.

Ɗan Nagoya:
Wanda aka kawo masa tsaraba kai tsaye daga Japan kuma ya nemi waɗannan haruffa biyu: 小麦. In suna cikin kayan haɗi, akwai alkama.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Ina ta bin zancen ban ce komai ba, amma Anti Kuku ta ce wani lokaci da ƙarin abu ɗaya ta wuce. Ƙarin abun nan ai alkohol ne, ko na yi ƙarya? Kun tsaya kan hanjin yaro, ba wanda ya tambayi halaccin abin.

Anti Kuku:
Allah gafarta Malam, ba ɓoyewa na yi ba, shi ne. Wasu kamfanonin suna ƙara shi kaɗan don kar ya lalace.

Ɗan Nagoya:
Malam, yadda abin yake: a soya sos na gama-gari, yis ne ke cin sukarin da ya fito daga alkama ya haifar da alkohol, kamar kashi 2 cikin 100 ko sama kaɗan, da kansa ba wanda ya zuba. Rabin ƙamshin koikuchi daga nan yake. Tamari da yake ba shi da alkama sosai, nasa na asali bai kai haka ba, shi ya sa wasu ke ƙara masa daga waje don kar farar funfuna ta taso a kai. Akwai kuma waɗanda ba sa ƙarawa, wake da gishiri kawai. Mu Musulmin da ke nan wannan ita ce tambayar da muke fama da ita kullum a kanti. A 2017 ma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da shigo da Kikkoman da aka yi a Japan saboda wannan batu. Yanzu akwai masu hatimin halal da ake yi musamman don kasuwar Malesiya da Indonesiya da ƙasashen Larabawa.

Malam Na Zaure:
Madalla, haka nake so a fito da zance fili. Ni ba fatawa zan bayar a nan ba, amma ga yadda malamai suka kalli irin wannan. Hadisi ya tabbata cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Masu sauƙaƙawa suka ce to a auna da wannan ma'aunin: shin akwai yawan soya sos da mutum zai sha ya bugu? Babu. Kuma ba don maye aka yi shi ba, kamar khal ne, wato binega, da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yaba, alhali shi ma ta wannan hanyar yake bi kafin ya zama khal. Masu tsanantawa kuma suka raba tsakanin wanda ya taso da kansa da wanda aka ɗebo aka zuba, suka ce na biyun sai an san daga ina aka samo shi. Ni a gidana, tunda akwai wanda ba a zuba ba, shi zan saya in huta da waswasi. Wanda ya bi ɗaya ra'ayin ban ce ya yi laifi ba.

Inda babu saɓani shi ne abokan tafiyarsa. Na ga yara suna kwafo girkin Japan daga intanet ana cewa a zuba sake da mirin. Sake giya ce sak. Mirin na asali ma alkohol ɗinsa ya kai kashi 14 cikin 100. Waɗannan a bar su.

Likitar Yara:
Malam ya yi gaskiya cewa ba a buguwa da shi, gishirin ne zai fara kai mutum ƙasa. An buga labarin wani saurayi ɗan shekara 19 a Amurka a mujallar likitoci a 2013, abokai suka zuga shi ya shanye kusan lita guda, ya yi kwanaki a sume kafin Allah ya tashi kafaɗunsa. Na kawo wannan ne don masu hawan jini. Babban cokali ɗaya na tamari yana ɗauke da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kusan miligiram 1,000, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babba kar ya kai 2,000 a yini. Harshe yana jin kamar bai kai soya sos gishiri ba saboda kaurinsa ya rufe, amma kusan ɗaya suke.

Amaryar Bana:
Ni dai duk wannan ya wuce kaina, girkin nake jira. Anti Kuku ki taimaka mana, maigida na son kaza gasasshiya.

Anti Kuku:
To amarya, matso kusa. Dokar farko: ranar da tamari ya shiga tukunya, gishiri da magi su zauna a kabad. Yawancin masu cewa sun gwada bai yi daɗi ba, sun zuba magi uku ne suka ɗora shi a kai.

Cinyoyin kaza kilo ɗaya, tamari babban cokali uku, citta ɗanya da tafarnuwa ki daka su lukui, rabin lemon tsami, ɗan man riɗi in kina da shi. Ki cakuɗa ki rufe awa biyu, kar ki bari ya kwana, gishirin zai zuƙe ruwan naman ya yi tauri. Zumar kuma kar ki sa ta yanzu. Ki haɗa cokali biyu na zuma da cokali biyu na tamari daban a ɗan kofi. Sai kaza ta kusa nuna a kan gawayi ko a oven sannan ki riƙa shafa mata, ki juya, ki sake shafawa. A nan ne tamari ya fi kowane soya sos: in ya ji wuta sai ya yi wani ja mai sheƙi ya manne wa fata, na gama-gari kuwa tsiyayewa yake. In kika shafa tun farko zuma za ta ƙone ta yi ɗaci kafin ciki ya dahu. Ki barbaɗa yajin ƙuli a ƙarshe, suna shiri sosai.

A soyayyar shinkafa kuma, shinkafar jiya da ta huce ta fi. Wuta sosai. Kar ki tsiyaya shi a tsakiyar shinkafa, ki tura ta gefe ki zuba a jikin kaskon da ya yi zafi, ki ji ya yi ƙara ya tashi hayaƙi, sannan ki juya. Kuma a ƙarshe, dab da saukewa. Ki sani fa zai rina ta ruwan ƙasa. In irin ta biki kike so mai ruwan ɗorawa da kori, to ki bar tamari, haɗuwarsu launin ba ya kyan gani ko kaɗan.

Maman Walid:
Anti, yawan da nake zuba wancan shi zan zuba wannan?

Anti Kuku:
Ki fara da kashi biyu cikin uku, ki ɗanɗana. Za ki ji ya fi cika baki amma bai kai wancan tashin ƙamshi ba. In kin ji kamar wani abu ya ɓace, ɗigon lemon tsami yana mayar da shi.

Ɗan Nagoya:
Abin da Anti ta faɗa kan sheƙi shi ne ainihin aikinsa a nan. Abincin da Nagoya ke taƙama da shi, hitsumabushi, wani dogon kifi ne mai suna unagi da ake gasawa a gawayi ana tsoma shi a romon tamari ana mayarwa wuta, a yayyanka a kan shinkafa. Haka gasasshen biskit ɗinsu na shinkafa, senbei, da shi ake shafe shi. Sai kuma ɗanyen kifi, musamman mai jan nama, da suke dangwalawa a ciki. A miya mai haske da ake so a ga kalar ganye ba sa kusantar da shi, usukuchi suke ɗauka. Kuma a tsarin girkinsu sukari ake fara sawa, soya sos ya zo can baya, don in gishiri ya riga shiga nama zaƙi ba ya samun hanya.

Na gwada irin wannan gashin da tarwaɗa lokacin da na zo hutu, na tsaga ta na cire ƙaya na gasa ta ɓangaren fata tukuna. Kitsenta ya karɓi abin fiye da yadda na zata.

Hajiya Inna:
Ɗanyen kifi kuma? Allah ya kyauta. Ɗana ka gama karatun nan ka dawo gida.

Injiniya Mai Musu:
Tambaya ta gaskiya wannan karon, ba musu ba. Benuwai da Kaduna muna noma waken suya kamar ƙasa, mata na yin awara a kowane lungu, har daddawar waken suya ana yi. Me zai hana a yi tamarin a gida?

Ɗan Nagoya:
Wake da gishiri ba su ne matsala ba, ƙwayar ce. Sai an sayi koji na gaske daga masu renonsa. Kar wani ya ce zai bar wake ya yi funfuna da kansa, domin koji tana da 'yar uwa ta jini da suke kama kamar an tsaga kara, ita ce mai sa dafin afalatoksin a gyaɗa da masara, kuma ita ce ta fi yawa a iskarmu. Ido ba ya raba su. Bayan haka sai jarin da zai kwanta shekara guda ko fiye ba a taɓa shi ba. Mai yiwuwa ne, amma aikin kamfani ne mai ɗakin gwaji.

Amaryar Bana:
Anti saura ajiya. Wutarmu sai a hankali, firij ɗin ado ne kawai.

Anti Kuku:
Gishirinsa ba zai bari ya ruɓe da wuri ba, amma iska da zafi suna sa ya ƙara baƙi, ƙamshin ya mutu, ɗanɗanon ya koma ɗaci-ɗaci. Ki sayi ƙaramar kwalba, ki rufe ta gam, ki sa ta a kabad ɗin ƙasa nesa da murhu da taga, ki yi ƙoƙarin gamawa cikin wata biyu. Kar ki tsoma cokalin da ya taɓa abinci. In kina so ta ƙare da wuri ki yi awara: ki soya ta ta yi ƙarau, ki tsame, ki rage mai ya saura cokali ɗaya, ki soya attaruhu da albasa da tafarnuwa, ki zuba tamari cokali biyu da zuma ɗaya da ruwa kaɗan, da ya fara kumfa ki mayar da awarar ki juya har ta shanye. A ci ta da zafi, in ta huce laushi take yi.